Daga Ahn Hyun-soo zuwa Viktor An: gwarzon da Koriya ta Kudu ta saki, Rasha ta cafe

Ranar 15 ga Fabrairun 2014, a gasar Olamfik ta hunturu a birnin Sochi na Rasha, wani ɗan tsere mai shekara 28 ya tsallake layin ƙarshe na mita 1000, ya ɗaga hannuwa yana ihu, sannan ya durƙusa ya sumbaci ƙanƙarar da ya yi gudu a kanta. Rigar Rasha ce a jikinsa, tutar Rasha ya yafa, sunan da ya fito a allo kuma Viktor An. Amma a Seoul aka haife shi, a can ya tashi, kuma shekara takwas kafin wannan rana shi ne ya ciyo wa Koriya ta Kudu zinare uku da sunan da iyayensa suka raɗa masa, Ahn Hyun-soo. Ɗan Koriya ɗaya tilo da ya kai wannan tsere na ƙarshe, alƙalai sun soke shi saboda laifi. Aka tashi daga Sochi mazan Koriya ba su da ko tagulla a wasan da ƙasarsu take taƙama da shi.

Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne cewa ɓangaranci a hukumar wasan ƙanƙara ta Koriya ne ya kori Ahn. Akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ita kenan ba. In aka bi lamarin daki-daki, za a ga cewa abin da ya raba shi da ƙasarsa ya fi kama da rashin haƙuri fiye da ƙiyayya: tsari ne da gwanaye suka yi masa yawa, har ya rasa dalilin da zai sa ya jira wanda ya ji rauni, ko da kuwa shi ne gwanin gwanayen.

Wasan da kansa

Wanda bai taɓa kallon wannan wasa ba sai ya fahimci yadda yake, in ba haka ba sauran bayanin ba zai zauna masa ba. Tseren ƙanƙara na gajeren zagaye ana yin sa ne a cikin rufaffen fili mai tsawon mita 60 da faɗin mita 30. Zagaye ɗaya mita 111.12 ne, wato mita 500 zagaye huɗu da rabi, mita 1000 zagaye tara, mita 1500 zagaye goma sha uku da rabi. Takalmin ɗan tsere yana da doguwar wuƙa a ƙasa, wadda ake ɗan lanƙwasawa a kuma gusar da ita gefen hagu, domin kullum hagu ake juyawa. A kwana mutum yakan kwanta har yatsun hannunsa na hagu su riƙa sharar ƙanƙara, alhali gudunsa ya doshi kilomita 50 a awa.

Abin da ya bambanta shi da tseren dogon zagaye shi ne ba da agogo ake gasa ba. Mutum huɗu zuwa shida ko fiye ake saki tare, kafaɗa da kafaɗa, wanda ya riga shi ya ci. Saboda haka ƙarfin ƙafa kaɗai ba ya wadatarwa. Sai ka san lokacin da za ka laɓe a bayan wani ya tare maka iska, da lokacin da za ka kutsa ta ciki, da lokacin da za ka zagaya ta waje. Ka taɓa wani ta hanyar da ba ta dace ba, alƙali ya soke ka. Wani ya faɗi a gabanka, ya tafi da kai. Kuma 'yan ƙasa ɗaya in suka haɗu a tsere ɗaya suna iya haɗa baki, wannan ya tare hanya wancan ya wuce. Wannan batu na ƙarshe a riƙe shi, domin zai dawo.

Tun da aka fara ba da lambobi a wasan a Olamfik ta Albertville a 1992, Koriya ta Kudu ta mai da shi nata. Zinarenta na farko a tarihin Olamfik ta hunturu daga nan ya fito, ta hannun Kim Ki-hoon. Kuma a Koriya lambar Olamfik ba ado ba ce kawai: tana zuwa da fansho na wata-wata, namiji kuma tana ɗauke masa aikin soja na dole, sai ɗan gajeren horo. To ka ga abin da ake faɗa a kai ranar zaɓen 'yan tawagar ƙasa.

Hawansa

An haifi Ahn a watan Nuwamban 1985. Yana ɗan shekara 16 koci Jun Myung-kyu ya tafi da shi Olamfik ta Salt Lake City a 2002, ya kuma kai tseren ƙarshe na mita 1000. Wannan shi ne tseren nan da har yau ake ba da labari: a kwanar ƙarshe mutum huɗu na gaba, Apolo Ohno na Amurka da Li Jiajun na Chaina da Mathieu Turcotte na Kanada da shi Ahn, suka sarƙe suka zube, sai Steven Bradbury na Ostireliya da ke can baya ya lallaɓo ya ɗauki zinare. Tsuntsu daga sama gasasshe. Ahn ya tashi na huɗu, hannu rabbana.

Daga shekarar da ta biyo baya kuwa ba a sake ganin bayansa ba. Ya zama zakaran duniya na gaba ɗaya sau biyar a jere, daga 2003 zuwa 2007. A Olamfik ta Turin a 2006 ya ci zinare a mita 1500 da mita 1000 da tseren karɓa-karɓa na mita 5000, ya haɗa da tagulla a mita 500, wato babu tseren maza da bai hau mumbari a kai ba. Ba ƙato ba ne, kuma ba a san shi da saurin tashi daga layi ba. Gwanintarsa ita ce zama a baya kamar ba ya cikin tseren, sai saura zagaye biyu ko uku ya buɗe wuta ta waje, hanyar da ta fi tsawo, ya wuce mutane kamar suna tsaye. Wanda ya kalli bidiyon tseren karɓa-karɓa na Turin, yadda ya ƙwace gaba daga hannun Kanada dab da ƙarshe, zai gane abin da ake nufi.

Amma a cikin gida tawagar a rabe take. Tsagi ɗaya na waɗanda suka fito daga Jami'ar Wasanni ta Ƙasa ne, ɗayan na waɗanda ba su fito daga can ba. Ahn ɗan jami'ar ne, yawancin mazan tawagar kuma 'yan ɗaya tsagin ne, har ta kai shi yana atisaye a ƙarƙashin kocin da ke kula da mata, abokan tserensa na ƙarƙashin wani. Bayan gasar duniya ta 2006 a Minneapolis rikicin ya fito fili: mahaifinsa ya tari jami'an hukumar a filin jirgin sama na Incheon ana ta cacar baki a gaban 'yan jarida, yana zargin cewa 'yan tawagar Koriya ne da kansu suka tare wa ɗansa hanya.

Abin lura a nan shi ne duk wannan rigima ba ta hana shi ci ba. A tsakiyarta ya kwashe lambobin Turin, a tsakiyarta ya sake zama zakaran duniya a 2007. In da ɓangaranci ne kaɗai matsalar, da a lokacin zai tafi.

Gwiwa

A watan Janairun 2008, yana atisaye a cibiyar horar da 'yan wasan ƙasa ta Taereung, ya zame ya daki shingen gefen fili, ƙoƙon gwiwarsa ta hagu ya fashe. An yi masa tiyata ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Daga nan labarin ya juya.

Koriya ta zaɓi tawagarta ta Olamfik ɗin Vancouver ta 2010 ne a gasar tantancewa da aka yi a watan Afrilun 2009, wata goma kafin wasannin. Ahn bai gama murmurewa ba, ya shiga, bai samu gurbi ba. Shi kenan. Ba wata ƙofa ta biyu, ba a duba cewa mutumin nan shi ke riƙe da zinare uku. A ƙa'ida ba a zalunce shi ba, kuma masu kare tsarin suna da hujja mai ƙarfi: a wurin da ake zargin son kai, in ka bar wa koci damar ya ɗauki wanda yake so, ka buɗe ƙofar da ba za ta rufu ba. Sakamakon Vancouver ma ya mara musu baya, domin Lee Jung-su ya ci zinare biyu ba tare da Ahn ba. Ƙasar da za ta ajiye zakaran duniya a gida ta kuma ciyo zinare biyu, me zai sa ta damu da gwiwar wani?

Sai dai bayan Vancouver asiri ya tonu cewa ita kanta gasar tantancewar ta 2009 ba ta tsira daga haɗin baki ba. Bincike ya kai ga dakatar da Lee Jung-su da Kwak Yoon-gy bisa zargin cewa an taimaki juna a kan ƙanƙara. Wato ma'aunin da aka ce shi ne adalci, wanda aka auna Ahn da shi aka ajiye shi, shi ma da algus a cikinsa.

Sannan aka zo kan abinci. 'Yan wasa irin su Ahn a Koriya albashinsu yakan fito ne daga ƙungiyoyin da birane ko kamfanoni ke ɗaukar nauyi, shi kuma yana ƙungiyar birnin Seongnam. A 2010 sabon magajin garin ya ayyana cewa birnin ba zai iya biyan wasu basussukansa a kan lokaci ba, aka shiga tsuke bakin aljihu, a ƙarshen shekarar aka rusa ƙungiyoyin wasanni da dama har da ta su Ahn. (Magajin garin nan shi ne Lee Jae-myung, wanda ya zama shugaban ƙasa a 2025.) A watan Afrilun 2011 Ahn ya sake shiga gasar tantancewa, ya sake rasa gurbi. Ga shi da shekara 25, ba tawagar ƙasa, ba ƙungiya, ga gwiwa mai tabo, a ƙasar da duk shekara take fitar da sabbin yara masu zafi.

Abin da Rasha ta saya

Rasha kuwa tana da tata damuwar. An ba ta karɓar baƙuncin Olamfik ta 2014, ta dawo daga Vancouver da zinare uku kacal, abin da ya zame mata abin kunya, kuma a wannan wasa ba ta taɓa samun lambar Olamfik ko ɗaya ba. Shugaban hukumar wasan ƙanƙara ta ƙasar, Alexei Kravtsov, ya buɗe wa Ahn ƙofa. Ya isa Rasha a tsakiyar 2011, a watan Disamba shugaba Dmitry Medvedev ya sa hannu aka ba shi takardar zama ɗan ƙasa. Ya zaɓi sunan Viktor saboda ma'anarsa ta nasara, da kuma tunawa da Viktor Tsoi, mawaƙin zamanin Tarayyar Sobiyet mai jinin Koriya. Dokar Koriya ba ta yarda wanda ya karɓi wata ƙasa da son ransa ya ci gaba da riƙe tata ba, don haka ya rasa ta haihuwa. Dokar Olamfik ta jiran shekara uku kafin a sauya tuta ba ta tare shi ba, tunda rauni ya riga ya raba shi da rigar Koriya tun 2008.

A ganina nan ne gishirin lamarin yake. Mutumin da ya sauka a cibiyar horo ta Novogorsk kusa da Mosko ba Ahn ɗin Turin ba ne. Farkon zuwansa ko 'yan tseren Rasha ba ya iya kayarwa yadda ake zato. Da a Koriya ne, da an gama da shi a gasar tantancewa ta gaba. Rasha ba ta da wasu biyar a bayansa da ke jiran gurbinsa, saboda haka ta ba shi abin da gida ba zai iya ba shi ba: likitoci, tsarin atisaye da aka ɗinka daidai gwiwarsa, da tabbacin cewa ko ya sha kaye bana, kujerarsa tana nan. Talaucin Rasha a wasan shi ya zama arzikin Ahn. Ita ma ba sadaka ta yi ba, domin samarinta sun samu wanda za su riƙa bi a baya kullum suna kwaikwayon yadda yake shiga kwana.

Ya kuma sauya salo. Gwiwar ba ta ɗaukar dogon atisaye irin na da, sai ya ƙara nauyin jiki da ƙarfin tashi, ya mai da hankali ga gajeren zango, mita 500, wanda a da shi ne mafi rauninsa. Kafin Sochi ya dawo da ƙarfinsa har ya fara ba abokan hamayya haushi. A gasar Turai da aka yi a Dresden a Janairun 2014, Sjinkie Knegt na Holan, da ya ga Ahn ya riga shi a tseren karɓa-karɓa, sai ya yi masa alamar zagi da yatsu a bayansa, aka hukunta shi.

A Sochi ya fara da tagulla a mita 1500, lambar farko ta Rasha a wasan. Sai zinaren mita 1000, inda Vladimir Grigorev, wanda shi ma daga Yukren ya sauya sheƙa, ya biyo shi a na biyu. Ranar 21 ga Fabrairu ya ci biyu a dare ɗaya: mita 500, inda ya tashi a ƙarshen layi amma ya bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan tseren karɓa-karɓa. Zinare uku da tagulla ɗaya, daidai da Turin. Jimilla zinare shida, lambobi takwas. Wata ɗaya bayan haka a Montreal ya zama zakaran duniya karo na shida, shekara bakwai bayan na biyar.

A Koriya jama'a ba shi suka zaga ba, hukumarsu suka yi wa ca. Shugabar ƙasa Park Geun-hye da kanta ta ce a duba ko rashin adalci a harkar wasanni ne ya sa ya tafi. Jun Myung-kyu, kocin da ya fara fito da shi, wanda a lokacin mataimakin shugaban hukumar ne, ya ajiye muƙaminsa. Amma shi Ahn, da 'yan jarida suka tambaye shi a Sochi, abin da ya nuna shi ne ɓangaranci kam akwai shi, sai dai ba shi ne ya yanke masa shawarar tafiya ba, wurin da zai ci gaba da tsere yake nema. Mutane ba su so jin wannan ba, domin labarin mugu da wanda aka zalunta ya fi daɗin faɗi. Ba wai hukumar tana da tsabta ba ne: abubuwan da suka fito bayan 2018, har da kocin tawagar ƙasa da kotu ta ɗaure saboda cin zarafin 'yar wasansa, sun fi ɓangaranci muni nesa ba kusa ba. Amma ruɓewar hukuma daban, dalilin tafiyar Ahn daban.

Mai bin wasannin guje-guje a Najeriya ba zai ji wannan baƙon labari ba. Francis Obikwelu ya koma Fotugal, ya ciyo mata azurfar mita 100 a Athens a 2004, muna kallo.

Bashin tuta

Tutar da ta ɗaga shi ita ta danne shi. Bayan tonon asirin da Grigory Rodchenkov, tsohon shugaban ɗakin gwajin ƙwayoyi na Mosko, ya yi, da rahoton mai bincike Richard McLaren kan yadda aka riƙa musanya fitsarin 'yan wasan Rasha a Sochi, kwamitin Olamfik na duniya ya dakatar da Rasha a Disamban 2017. Aka ce 'yan wasanta za su je Olamfik ta PyeongChang ta 2018 ne kawai bisa gayyata, ɗaya bayan ɗaya, ba tuta ba take. A Janairun 2018 aka fitar da sunaye, babu Viktor An.

Ba a taɓa kama shi da ƙwayar ƙara kuzari ba, ba a ƙwace masa lamba ko ɗaya ba, kuma ba a bayyana wa duniya takamaiman dalilin cire shi ba. Ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban kwamitin, Thomas Bach, yana neman a faɗa masa laifinsa. Ya shiga cikin 'yan wasan da suka kai ƙara kotun wasanni ta duniya, ranar 9 ga Fabrairu, ranar buɗe gasar, kotun ta yi watsi da ƙarar. Hujjarta ita ce rashin gayyata ba hukunci ba ne. A shari'ance wataƙila haka ne. Amma a idon jama'a an bar mutum a rataye, ba a ce ya yi ba, ba a ce bai yi ba. Kuma gasar da aka hana shi a Koriya ake yin ta, inda ya so ya rufe littafinsa a gaban mutanen da suka haife shi.

Ya sanar da ritaya a 2018, ya dawo na ɗan lokaci, ya ajiye gaba ɗaya a Afrilun 2020 saboda gwiwar nan dai.

Daga nan ya karɓi aikin koci a tawagar Chaina, ƙarƙashin wani ɗan Koriya, Kim Sun-tae. A Olamfik ta Beijing a 2022 Chaina ta ci zinaren tseren karɓa-karɓa na maza da mata a haɗe. Kwana biyu bayan haka, a zagayen kusa da na ƙarshe na mita 1000, alƙalai suka soke 'yan Koriya biyu, Hwang Dae-heon da Lee June-seo, 'yan Chaina suka haye, Ren Ziwei ya ɗauki zinare. Koriya ta ɗauki zafi, kyamara kuma ta riga ta nuno Ahn a gefen fili cikin rigar Chaina yana murna da yaransa. Mutanen da suka tafa masa a 2014 su ne suka koma kiransa maci amana, zagin ya kai har kan iyalinsa, sai da ya fito ya roƙi a bar su. Ahn bai sauya ba tsakanin Sochi da Beijing, aikin da ya iya yake sayar wa mai saye. Bambancin kawai shi ne a 2014 nasararsa sanda ce da jama'a suka samu ta dukan hukumarsu, a 2022 kuwa su ta daka.

Hanyar da ya bi kuwa ta zama burtali. Lim Hyo-jun, wanda ya ciyo wa Koriya zinaren mita 1500 a PyeongChang, ya zama Lin Xiaojun na Chaina bayan dakatarwar da aka yi masa a gida. 'Yan'uwan nan biyu na Hungari, Shaolin Sándor Liu da Shaoang Liu, su ma suka koma Chaina bayan Beijing.

A ƙarshen 2022 birnin Seongnam, wanda ya riga ya farfaɗo da ƙungiyar da ya rusa, ya yi tallar neman koci. Ahn ya cike takarda kamar kowa, a Janairun 2023 ya je aka yi masa tambayoyi. Wata ƙungiyar kociyoyin wasan ƙanƙara ta Koriya ta fitar da sanarwar adawa da ɗaukarsa, tana tuna wa jama'a Rasha da Chaina. Da birnin ya tace sunayen masu nema, na mai zinare shida bai kai zagayen ƙarshe ba.